Haƙurin Matar Soja Da Haƙƙinta A Kan Waɗanda Suka Zauna Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu duba a filinmu na makon nan ba a cika kawo ta a zauren karatu ba, ko da yake tana nan kwance cikin gidaje da dama, ana jin nishinta ta bayan danga. Ga ta: mace ce tana auren soja, shi yana can bakin daga, ita tana gidan iyayensa a ƙauye, sai ta gane ya faɗa shaye-shaye. To, me shari'a ta ɗora mata, me kuma ta ɗora wa mutanen da ke kewaye da ita? Amsar da aka saba ba ta ba ta wuce kalma biyu ba, watau "yi haƙuri". Uwar miji ta faɗa, uban miji ya faɗa, in ta yi yaji ta je gida mahaifinta ya maimaita mata, ya haɗa ta da ƙanenta ya mayar da ita kafin magariba. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, kalmar nan mai daraja mun mayar da ita inuwar da mu maza muke fakewa don kada mu sauke nauyin da Allah ya ɗora mana.

Kafin mu shiga hukunci ya kamata mu san ƙasar da abin ke faruwa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Dambatta, ko ta Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ya san ba zai ga daji ba. Gona na jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko lalle, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaye a tsakiya, kowace da mai ita. Nan ba a barin saura, taki ne kaɗai ke riƙe da ƙasar tun zamanin da jakuna ke kai itace birni su komo da mangalar shara. Gonar da kaka ya noma da 'ya'yansa a gandu, yau jikoki ne suka raba, kowa ya tashi da ɗan tsagin da geronsa ba zai kai shi bazara ba. Shi ya sa samari ke fita, wasu cin rani Legas da Abuja, wasu kuwa su nufi Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, su sa kaki. Ranar da yaro ya gama horo gida duka ne ya sami aiki, domin albashin nan nasa shi ne takin zamani da damina, shi ne kuɗin 'yan ƙwadago, shi ne awo in rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar Agusta. Sai a yi masa aure da 'yar maƙwabta, ya yi mako biyu ko uku, hutu ya ƙare, ya bar ta a hannun iyayensa.

Da can soja yakan ɗauki iyalinsa su zauna a bariki, Bukavu ko Janguza ko wani wuri. Amma tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, sa'an nan 'yan bindiga suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, soja ya zama baƙo a gidansa. An sha jin kukan sojoji a jaridu cewa wasu kan shekara biyu, uku, har fiye, a daji ba a canza su ba. Mutumin da ke kwana cikin rami ido biyu, wanda ya ɗauki gawar abokinsa da hannunsa bayan nakiya ta tashi da motarsu, ba ya komowa yadda ya tafi. Likitoci sun san ciwon nan sarai: mugun mafarki, zabura in an buga ƙofa, fushi ba dalili, ƙin shiga mutane. Ta nan ƙwaya kan sami ƙofa. Wani don ciwon rauni ya fara shan taramol, wani don kada ya yi gyangyaɗi a wurin gadi, in ya sauka kuma ya nemi wadda za ta sa shi barci. Wani kuwa, gaskiya ɗaya ce, tun yana ɗan ƙwadago a ƙauye ya saba jefa ta cikin shayi don ya yi noman mutum biyu. Jiki kuma in ya saba guda ba ta isarsa. Wadda likita ke rubutawa mai lamba 50 ce ko 100, ta fasa-ƙwauri kuwa mai 200 ce ko 225, kuma yawanta kan kayar da mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

Kada wani ya ɗauka muna shafa wa sojoji kashin kaji ne. Cikinsu akwai masu tsare salla da azumin nafila waɗanda ko sigari ba su taɓa sa wa a baki ba. Annobar ta ƙasa ce baki ɗaya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya ko wiwi ko makamantansu cikin shekara guda. A Jihar Kano kuwa kashi 16 ne cikin ɗari, watau sama da mutum miliyan ɗaya. Ba kuma yau yaƙi ya fara komo mana da irin wannan tsaraba ba, don likitocin farko da suka yi rubutu a kan wiwi a ƙasar nan sun danganta yaɗuwarta da sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa da suka komo daga Indiya da Burma bayan yaƙin da ya ƙare a 1945.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka matar ce ke fara ganewa. Kuɗin ƙarshen wata ya fara zuwa rabi, sa'an nan ya tsallake wata. Ya kira ta a waya da tsakar dare harshensa na karyewa, ya zage ta, gobe ya kira yana kuka. In ya zo hutu ta ga ya rame, ba ya cin tuwo, ta tsinci fankon ƙwaya a aljihunsa. Sai ta shiga toshe ɓaraka da abin hannunta: ribar ƙuli-ƙuli, kuɗin adashi, akuyar da uwarta ta ba ta, har kwanukan jerenta. Abin takaici, mutanen gidan da suka ga kuɗi ya ɗauke ita suke fara zargi, wai ta mallake shi, ita kaɗai yake aika wa. Ta zama gaba kura baya sayaki. In ta yi shiru yana ƙara nitsewa, ga bindiga a hannunsa. In ta faɗa har maganar ta kai kunnen hafsoshinsa, dokar soja ta ɗauki maye da shan ƙwaya laifi ne da kan kai mutum gadurum ko kotun soja ko kora, sai a ce ita ta toshe wa gida hanyar abinci. In ta ce za ta tafi, a ce ta gudu ta bar shi lokacin da ya fi bukatarta.

Babu mai musun falalar haƙuri. Amma malamai sun kasa shi uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, da haƙuri ga barin saɓonsa, da haƙuri a kan abin da ya ƙaddara. A cikin ukun nan babu inda aka ce mutum ya rungume hannu ga cutar da ake iya gusarwa. Haƙurinta shi ne kada ta yi fushi da hukuncin Ubangiji, kada ta ci amanar mijinta, kada ta yi sakaci da tarbiyyar 'ya'yanta. Amma ta kwana da yunwa ita da yara, ko ta sha duka, ta kuma kulle baki, wannan babu wanda ya wajabta mata shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke ta umartar mata da yi wa miji biyayya ba su umarce su da bin Allah da Manzonsa ba, suna kuma barinsu cikin jahilcin addininsu. Da matan ƙauyukanmu sun san abin da fiƙihu ya ba su, da "yi haƙuri" ba ta ishe mu sallamarsu ba.

Sai maganar rufin asiri, kuma a nan ne mas'alar ta fi tsauri, domin hujjojin masu cewa ta yi shiru ba na wasa ba ne. Aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta kamanta miji da mata da tufafin juna, hadisi kuma ya yi wa wanda ya suturta Musulmi alkawarin sutura ranar ƙiyama. Mace ta gari tana jin nauyin wannan a ƙirjinta. Sai dai Imamu Nawawi da wasunsa sun bayyana cewa suturar da aka kwaɗaitar a kai ta laifin da ya riga ya wuce ce, daga mutumin da ba a san shi da cutar da jama'a ba. Laifin da ake cikin yinsa wajibi ne a tsai da shi, in ba a iya ba a kai ga wanda zai iya. Shi dai Nawawin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki har da kukan wanda aka zalunta, da neman taimako don gusar da ɓarna, da neman fatawa. Hindu 'yar Utba ta zo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta Abu Sufyanu marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Bai kwaɓe ta ba, bai ce ta koma ta yi haƙuri ba, sai ya yi mata izini ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon al'ada. Buhari da Muslimu duk sun ruwaito shi. Abu Sufyanu fa babba ne cikin Ƙuraishawa, rowa kuwa ba ta kai maye haɗari ba. Saboda haka matar da ta kwashe sirrin mijinta ta baza a gidan biki ta yi laifi, wadda kuwa ta kai shi ga mai iya magani ba ta tona masa asiri ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma wa zai kai maganar gaba? A nan nake roƙon iyaye maza su saurara. Bai dace a bar yarinya ƙarama ta yanke wannan shawara ita kaɗai ba. In ita ta faɗa aka kore shi, har ta mutu ba za a yafe mata ba a gidan nan. In uba ne ya faɗa, ko wa, ba mai cewa uba ya ƙi ɗansa. Iyakar abin da ke kanta ta sanar da babban gida, ko waliyyinta in gidan sun ƙi ji. Daga nan kaya ya koma kansu. Su kira shi sa'ad da yake cikin hayyacinsa, su gaya masa sun sani, su nemi ya kai kansa ga likita da ƙafarsa in ya zo hutu. In ya ƙi, rundunar soja tana da limamai a barikoki, tana da asibitoci irin na 44 da ke Kaduna, kuma shiga ta ƙofar liman da likita ya fi a jira ranar da za a kama shi a buge a bakin aiki. Ba na cewa babu haɗarin rasa aikin. Akwai. Amma albashin da ake shiru don a tsare shi ai ya riga ya koma aljihun mai sayar da ƙwaya, kuma kiyaye rai da hankali yana gaba da kiyaye dukiya a jerin abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Ran kuwa ba nasa kaɗai ba ne. Akwai abokan aikinsa da ke barci sun dogara da gadinsa, akwai direba da fasinjan da za su tsaya a shingensa.

Shi kuma mai shan, ina matsayinsa? Maye haramun ne babu ja, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun rufe ƙofar. Amma haramcin aikin bai halatta mana zubar da mai aikin ba. Buhari ya kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himaru, wanda yakan ba Annabi dariya, an kuma sha kawo shi ana yi masa bulala saboda giya. Ran nan wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. Littattafan tarihi ma sun adana mana labarin soja mashayi. A yaƙin Ƙadisiyya, zamanin Sayyadina Umar, wajen 636, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure Abu Mihjan Assaƙafi saboda giya. Da ya ji fama ta yi zafi ya kasa zama, ya roƙi Salma matar Sa'adu ta kwance shi, ya yi mata alkawarin in ya tsira zai komo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Ta kwance shi, ya hau goɗiyar Sa'adu mai suna Balƙa'u, ya yi faɗan da ya ba rundunar duka mamaki, sa'an nan ya komo ya cika alkawari. Da Sa'adu ya ji, ya sake shi ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, shi kuma ya ce ba zai ƙara sha ba. Ka lura, ya kai mai karatu, jarumtaka da shaye-shaye sun haɗu a ƙirji guda, kuma bulala da mari ba su raba shi da giya ba sai ranar da aka mayar masa da mutuncinsa.

Da gangan na ambaci mari. Har yanzu in yaro ya gagara, abin da ke fara zuwa ran wasunmu shi ne a kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan 'yan makonni kuma aka sake ganin irinsa a Daura. Ciwon nan na likita ne. Wanda jikinsa ya saba da taramol in ya yanke farat ɗaya sai ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo da rashin barci su taso masa, mai shan ƙwayar barci ko giya kuwa yankewar gaggawa na iya jefa shi cikin jijjiga har ta kai ga rai. Shi ya sa likita ke ragewa sannu-sannu, yana kuma duba firgicin yaƙin da ke ƙarƙashin shan, don in an cire ƙwaya an bar firgici komawa zai yi. Asibitin Dawanau yana nan ta hanyar Katsina, ba nisa da ƙauyukan da muke magana a kansu, ga kuma sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a je asibiti. In kuma ya daina wata uku ya koma, kada a ce aikin banza aka yi. Nana A'isha ta bayyana cewa da hana giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Hukuncin ya riga ya cika, amma zuciyar ɗan Adam tana nan yadda take.

Akwai wani darasi daga Amurka. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, an gano wajen soja ɗaya cikin biyar ya kamu da hodar hiroyin a can. Wata malamar jami'a, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka koma gida, ta tarar cikin shekarar farko wajen kashi 5 kacal cikin ɗari na waɗanda suka kamu ne suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuwa kashi 12. Da suka bar wurin tsoro da arhar hodar suka koma cikin iyali, mafi yawansu sun warware. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne ga matar soja. Sai dai mu da sauran aiki a gabanmu, domin ƙwayar da ya baro a daji tana jiransa a kwandon mai tallar magani ranar kasuwa, kowa kuma ya san mai sayarwa, wani lokaci ma sahu ɗaya muke salla da shi.

Yanzu ga haƙƙin da ke kan waɗanda suka zauna gida, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halidu cewa wanda ya tsaya wa iyalin mayaƙi da alheri a bayansa kamar shi ma ya fita ne. Sojan da ke tsare rayukan jama'a daga masu kisa da satar mutane, in ya kyautata niyya, muna yi masa fatan shiga cikin wannan. Mu kuwa da muke barci har da minshari saboda shi, rabonmu na aikin shi ne gidansa. Gaskiya ne a mazhabar Maliku alƙali ba zai tilasta wa uba ciyar da matar ɗansa ba, ko kaka ciyar da jikoki. Amma gidan da ya ci albashin nan shekara da shekaru, aka sayi taki da shi, aka rufa ɗaki da kwano, aka aurar da ƙanne, ba shi da bakin cewa babu ruwansa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A auna mata hatsi daga rumbu ba sai ta roƙa ba. A nome mata ɗan tsagin mijinta, kada kuma a bari ya jinginar da shi don ƙwaya. A zaunar da shi gaban shaidu ya yarda a riƙa tura wani kaso na albashin hannunta tun ranar da ya shigo. Masu fitar da zakkar gero da dawa da kaka su tuna cewa matar da ciyarwar miji ta yanke mata, ba ta kuma da hanyar karɓa, tana cikin mabukata ko da ana kiranta matar ma'aikaci. A ba ta a hannunta, hatsi kuma ya fi kuɗi.

Ga wata maganar mai ɗaci. Muslimu ya ruwaito daga Buraida cewa alfarmar matan mayaƙa a kan waɗanda suka zauna gida kamar ta uwayensu ce, wanda kuma ya ci amanar mayaƙi a iyalinsa za a tsai da shi ranar ƙiyama a ce wa mayaƙin ya ɗebi abin da ya so daga ladansa. Mai kantin da ke ba ta bashi yana kashe mata ido ya ji wannan. Hukuma ma da nata kason. An ruwaito Sayyadina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar abin da mace ke iya jurewa ba miji, ya sa wa mayaƙa wa'adin komowa gida, wata huɗu a wata ruwaya, shida a wata. Ya kuma rubuta wa kwamandoji cewa waɗanda suka bar matansu su aika da ciyarwa ko su sake su. Halifa da kansa ya ɗauki kewar matar soja aikin gwamnati ne.

Matar da ke bariki tana da magajiya da za ta kai wa kuka, tana da ƙungiyar matan sojoji, kuma mun ga a watan Agusta na 2014 yadda matan Barikin Giwa a Maiduguri suka tare ƙofa suka ce ba za a tura mazansu Gwoza ba sai da isassun makamai. Ta ƙauye ba ta da kowa sai facaloli. Malaman Islamiyyar matan aure su ne magajiyarta. Su leƙa ta, su saurare ta, su raka ta asibiti in ita ma barci ya ƙaurace mata, don binciken nan na 2019 ya ce cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce.

In an yi duk wannan abin ya ƙi, ya shiga dukanta, ko ya yanke ciyarwa ya kuma ƙi magani, to ƙofa a buɗe take. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. In sulhu ya gagara, Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, waɗanda alƙalanmu ke hukunci da su, sun ba mace damar neman a raba auren saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, kuma in cutar ta tabbata ba za ta mayar da sadaki ba. Renon yara ma a mazhabarmu nata ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, in kuwa ta yi wani aure mahaifiyarta ce ke gaba; al'adar ƙwace yara a miƙa wa uwar miji ba daga littafi ta fito ba. Wadda ta zaɓi ta zauna ta yi jinya tana da lada mai girma, wadda ta ga ba za ta iya ba ba ta yi zunubi ba, babu kuma mai ikon zaɓa mata.

Saura mas'ala guda da ke yawan aukuwa, watau ya kira ta a waya cikin maye ya furta saki, gari ya waye ya ce bai san ya yi ba. Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sa'idu ɗan Musayyib da Sulaimanu ɗan Yasar sun ce sakin wanda ya bugu yana aukuwa, ya ce haka abin yake a wurinsu, shi ne kuma mashhurin mazhaba ga wanda ya jawo wa kansa mayen ta hanyar haram. An ruwaito saɓanin haka daga Sayyadina Usmanu, wasu malamai kuma sun bi shi. Saboda haka kada uwar miji ta ce "maye ne, share", kada kuma maƙwabci ya ce aure ya mutu. A riƙe ranar, da lafazin da ya yi, da ko sau nawa ne, in saƙo ne kada a goge shi, waliyyinta ya ɗauke ta su je gaban alƙali ko malamin da ya san fiƙihu tun kafin ya zo hutu na gaba su koma ɗaki ɗaya a kan shakka. Allah ne mafi sani.